Daga Amurka: dala 91 da ake yanke mini ba bisa ƙa'ida ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Columbus ta jihar Ohio. Na rubuto ne saboda ƙannenmu masu shirin tahowa karatu, da kuma iyayen da ke zama da kalkuleta suna juya dala zuwa naira tun yaro bai hau jirgi ba.

A dogon hutun da ya wuce makaranta ta ba ni izinin yin aikin koyon sana'a a wani kamfani, irin izinin da ake kira CPT. Dala 1,200 ne duk mako biyu. Da takardar albashin farko ta zo, na ga an yi mata yankan nama: gwamnatin tarayya ta ɗauki nata, jiha ta ɗauka, birni ma ya ɗauka. Sai wasu layuka biyu a ƙasa, ɗaya dala 74.40, ɗaya 17.40. Na ce ai haka ƙasar take, na ninke takarda na sa a aljihu. Sai bayan biya na uku, muna cin shinkafa bayan sallar Juma'a, wani ɗan zangon Kumasi da ya riga ni zuwa ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Malam, tun yaushe ake cin kuɗinka haka?"

Layukan nan biyu su ne harajin da ake kira FICA. Kashi 6.2 cikin ɗari na tafiya asusun fansho na Social Security, kashi 1.45 kuma asusun lafiyar tsofaffi na Medicare, jimla 7.65. Ma'aikacin Amurka dole ne ya biya. Amma ɗalibin da ya shigo da bizar F-1 doka ta ɗauke masa, muddin aikin da yake yi halastacce ne: aikin cikin makaranta, wanda ba ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu, ko CPT, ko OPT da ake yi bayan kammalawa. Hikimar a fili take. Baƙon da ake sa ran zai koma gida, me zai sa ya zuba adashin da ba zai kwasa ba?

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne lissafin shekaru. Sauƙin na shekara biyar ne, amma shekarar kalanda ake ƙirgawa, ba wata goma sha biyu daga ranar sauka ba. Wanda ya sauka ranar 28 ga Disambar 2021, kwana huɗun nan sun cinye masa shekara guda, kuma tasa ta ƙare da ƙarewar 2025. Bayan nan, idan kwanakin zamansa sun kai ma'aunin 183, hukumar haraji ta IRS za ta ɗauke shi mazaunin ƙasa, a fara yanka. Masu digirin digirgir da ke daɗewa su ne abin ya fi shafa, ko da yake aikin da ɗalibi ke yi wa makarantarsa yana cikin karatu na da wani sauƙin dabam. Wanda kuma ya koma bizar aiki ta H-1B, daga ranar da ta fara aiki sauƙin ya ƙare.

Ni dai na je ofishin albashi da fasfo da I-20, takardar shaidar ɗalibin waje da makaranta ke bayarwa. Matar da ke wurin ba mugunta ta yi ba, ba ta taɓa ɗaukar ɗalibin waje ba ne, kwamfuta kuma ba ta tambayar biza. Ta tsayar da yankan, aka mayar mini da dala 275.40 a biya na gaba. Da sun ƙi, da sai in cika fom 843 da 8316 in aika wa IRS, in zauna jiran watanni. Kamfanin ma ya ji daɗi, don shi ma yana zuba kashi 7.65 nasa a kan kowane ma'aikaci.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ɗalibi ba ya biyan haraji a Amurka. Yana biya sarai. Harajin kuɗin shiga na nan, kuma Najeriya da Nijar da Gana ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka rangwamen da ɗan Indiya ko ɗan Sin ke samu mu ba mu da shi. Kafin 15 ga Afrilu mai albashi zai cika fom 1040-NR. Wanda bai sami ko sisi ba shi ma sai ya aika fom 8843. Kuma a yi hattara da manhajar TurboTax da abokan aji 'yan ƙasa za su nuna maka: ta mazauna ce, fom ɗin da take cikawa ba namu ba ne. Makarantu da yawa na ba ɗalibansu Sprintax ko Glacier.

Baba, kai da ka ji dala 1,200 ka ce in fara aiko kuɗin bulo, ka yi haƙuri, haya kaɗai ta kwashe fiye da rabin abin da ke shigowa. Amma dala 275 ɗin nan da ta dawo na tura wa Inna ta cefanen Sallah.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
Ɗan'uwanku a Ohio