Na bar hanga, ga abin da ELT ya koya min

Tunda na ajiye aiki a hanga, wato rumfar gyaran jiragen sama, abokai ke ta tambaya me ya haɗa ni da oga, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Kan ELT ne, ɗan akwatin nan da ke can wajen wutsiya wanda ba mai tuna shi sai jirgi ya faɗi, shi ke aika saƙon neman ceto ta rediyo.

Duk wanda ya yi aikin lantarkin jirgi ya san tun 1 ga Fabrairu 2009 taurarin ɗan Adam na Cospas-Sarsat masu kama saƙon neman ceto suka daina sauraron mitar rediyo 121.5 da 243, sai 406 kawai. Tsohon ELT mai 121.5 yana ihu ne kurum, ba suna ba komai, sai dai wani matuƙi da ke wucewa ya ji ko hasumiya in kana kusa, kuma yawancin ihun nasa ma na ƙarya ne. Na 406 kuwa kusan kowane sakan 50 yana tura lambarsa mai harafi 15, cikinta har da lambar ƙasa, tamu ta Najeriya 657. Nan fa rigimar take.

Kamfani ya sayo ɗan jirgi na hannu daga Amurka, ELT ɗinsa 406 ne lafiyayye, batir da saura, amma lambar ciki ta can ce kuma rajistar na sunan tsohon mai shi. Na ce wa oga ranka ya daɗe sai an sake masa lamba an yi rajista a nan kafin ya tashi. Ya ce ai akwatin na aiki, doka 406 ta ce kuma ga 406, kar in tsayar masa da jirgi kan takarda. Na rubuta a littafin aiki, na sake tuna masa, ya ce wai ni na cika iyayi.

Ba a jima ba wani matuƙi ya buga sauka mai ƙarfi, akwatin ya kunnu da kansa ba wanda ya lura. Saƙo ya fita da lambar Amurka, aka kira wani bawan Allah a can cikin dare wai jirginsa na neman ceto, shi da ya sayar tuntuni, kafin a gano namu ne an sha yawo. Alhamdulillahi ba hatsari ba ne, amma da a daji ya faɗi fa? Kuma wa aka ba takardar tuhuma, ni. Ogan ko kallona bai yi ba a mitin, da na buɗe littafin na nuna rubutuna sai cewa ya yi ai da na matsa masa sosai. Wallahi har yau in na tuna wannan maganar raina ɓaci yake.

Ku da kuka rage, in kun ga matsala kada ku tsaya a baki da littafin hanga, ku tura imel ku ajiye kwafi a wayarku. Jirgi ya canza hannu, lambar ELT za ku fara dubawa kafin fenti. Kada ku raina 121.5, masu ceto da ita suke laluben jirgi in sun matso kusa, shi ya sa na 406 ma ke fitar da ita. Kowace sauka mai ƙarfi a saurari mitar kafin a kashe rediyo.

Jirgin dai an sake masa lamba a satin, ni na cike fom ɗin da hannuna, ogan ya sa hannu ko uffan bai ce ba.