Alhamdulillahi, makulli ya shigo hannu

'Yan uwa ku taya mu godiya ga Allah. Ni da maiɗakina mun mallaki gida mai ɗaki biyu da falo a unguwar Bronx ta birnin Niyok, daf da titin Grand Concourse. Tsohon bene ne na shekarun 1930, amma an sabunta kicin da banɗaki da wayoyin lantarki, daɓen katakon sai ƙyalli yake.

Gidan irin na haɗin gwiwa ne. Ba ɗakunan ka saya ba; hannun jari ka saya a kamfanin da ya mallaki benen duka, su kuma su ba ka takardar zama. Saboda haka kuɗinka kaɗai ba ya isa, sai kwamitin mazauna ya amince da kai. Sun nemi takardun harajinmu, bayanan banki, wasiƙun shaida daga wurin aiki, sannan suka kira mu ganawa ido da ido. Kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gidan muka fara ajiyewa, kuma sai da suka ga akwai saura a asusu. Wallahi lokacin jiran amsarsu barci ya ƙaurace min.

Duk wata akwai kuɗin kula da gini, ciki har da harajin gida da ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Ba ka da ikon saka ɗan haya yadda ka so. Ni wannan ya kwanta min, don maƙwabci mai zama nake so.

Jirgin ƙasa na layin D na nan kusa, masallaci ma da ƙafa muke zuwa. Hajiya, in kin zo bazara ɗakinki da jikokinki a shirye yake.