Ranar da Na Tsoma Hannu a Ruwan Ƙanƙara

Har na shiga shekara ta biyu a karatun likitanci ina ɗaukar hawan jini ciwon dattawa ne. Bokiti ɗaya na ruwan ƙanƙara ya raba ni da wannan tunani.

Malam ya ce kowa ya zauna shiru minti biyar a auna jininsa, sannan ya tsoma hannu cikin ruwan na minti ɗaya, a sake aunawa. Tsohon gwaji ne, wasu likitoci biyu, Hines da Brown, suka fito da shi a asibitin Mayo na Amurka a 1932. Ni da abokin aikina muka fara da awo kusan ɗaya, wajen 118/76. Nasa ya ɗan motsa ya koma. Nawa kuwa lambar sama ta haura 140, na goge hannu, yatsu sun daina zugi, amma ya ƙi sauka da wuri. Na yi dariya na ce, "Malam, sanyi ne kawai ba na so." Ya dubi agogo ya ce, "Hawan ba shi ya dame ni ba, yaro. Saukar nake jira."

Sanyi, tsoro, fargabar jarrabawa, duk hanya ɗaya suke bi. Jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke. Akwai wani siririn rufi a cikin jijiyar, shi ke fitar da iskar naitirik oksaid don jijiyar ta saki ta buɗe, binciken da ya kai mutum uku ga kyautar Nobel a 1998. Taba, ƙiba, ƙarancin barci da yawan zama kan raunana rufin nan alhali awon da ake yi a zaune bai nuna komai ba tukuna. Ni kuwa a lokacin awa huɗu nake barci, har ina alfahari da hakan.

Abin da ya fi tsaya min shi ne binciken CARDIA, wanda ya fara bin matasa 5,115 'yan shekara 18 zuwa 30 a Amurka tun 1985. Waɗanda jininsu ya fi tashi a irin wannan gwaji sun fi saurin kamuwa da hawan jini daga baya. Ba hukunci ba ne a kan kowa, gargaɗi ne dai.

Bayan wata uku na gyara barci da tafiyar ƙafa kullum, na roƙi a sake kawo min bokitin. Jinin ya hau kamar da, sai dai kafin Malam ya gama rubuta lambar farko ya kama hanyar sauka.