Abin da tsofaffin rijiyoyin mai suka koya mini game da zafin ƙasa

Rijiyar mai idan ta tsufa, ruwan da take fitarwa ya fi man yawa nesa ba kusa ba. Ruwa ne mai gishiri, ga zafi, kamfanoni har kuɗi suke kashewa su mayar da shi ƙasa. A karatun injiniyan mai da na yi, wannan ruwan da ake gudu shi ya fi tsaya mini a rai.

Duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa, zafi yakan ƙaru da kimanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos. Rijiya mai zurfin kilomita uku ke nan, gindinta ya kusa zafin tafasasshen ruwa. Haƙa ce ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin kowane aikin zafin ƙasa, wato amfani da zafin da ke can cikin ƙasa don samar da lantarki ko ɗumama gini, a nan kuwa an riga an haƙa.

A 2008, a filin mai na Teapot Dome da ke jihar Wayomin a Amurka, an kafa injin samar da lantarki na kamfanin Ormat mai ƙarfin kilowat 250. Ruwan rijiyoyin, mai zafin kusan digiri 90, shi ke ɗumama wani sinadari mai saurin tafasa, tururinsa ya juya injin. Aikin ya ƙayatar da ni, amma kilowat 250 ba zai haskaka gari ba. Rijiyar mai siririya ce, don mai aka yi ta, ba ta iya zuƙo ruwa da yawan da babbar tashar lantarki ke buƙata. Sannan a wannan zafin, ɗan abin da ke komawa lantarki bai taka kara ya karya ba.

Shi ya sa aikin garin Tuttle a Oklahoma ya fi kwanta mini. A 2022 ma'aikatar makamashin Amurka ta tallafa wa Jami'ar Oklahoma ta gwada ɗumama makarantun garin da zafin tsofaffin rijiyoyin da ke kusa. Ba a tilasta wa zafin ya zama lantarki ba. Tun daga nan, kafin in tambayi zurfin rijiya, sai in tambayi wa ke zaune kusa da ita, domin ruwan zafi yana hucewa a dogon bututu. A yankin Neja Dalta, inda aka samu mai a Oloibiri tun 1956, ɗumama aji ba damuwar kowa ba ce, amma ina ganin busar da kifi da rogo ya cancanci a gwada.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne siminti. Bututun ƙarfen da ya shekara talatin cikin ruwan gishiri ya ci tsatsa, simintin bayansa ya tsattsage, iskar gas na silalowa sama, wani lokaci har ta shiga ruwan sha. A 2021 Amurka ta ware dala biliyan 4.7 don toshe rijiyoyin da masu su suka watsar. Wanda duk ya karɓi tsohuwar rijiya ya gaji wannan nauyin, don haka sai an zura na'ura an duba simintin daga sama har ƙasa kafin a sa hannu a takarda.