Kantun Turawa: inda na kwana a gwajin giranola

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo, ya sanyi ya iyali. Wata biyu kenan da na fara gwajin giranolan nan da ake yankawa sala-sala kamar sabulun wanki, wanda yarana suka raɗa ma suna kantun Turawa, kuma na ce zan riƙa faɗa maku inda na kwana, to ga shi. Zuwa jiya na yi sau bakwai. Biyu sun lalace sarai, ɗaya mun ci ne dai don kar a yi asara, sauran huɗun kuma alhamdulillah ana iya miƙa ma baƙo ba a ji kunya ba.

Asalin abin ƙanwata ce ta zo hutu daga Abuja da kwalin Nature Valley, irin mai guda biyu sirara a kowace leda, yaran nan kwana biyu suka ga bayanshi, da na ji kuɗin kwalin kuwa sai da na ce mata ke dai Allah ya shirye ki. Na juya bayan kwalin na karanta, ots ne, wato hatsin Turawan nan da ake saidawa a gwangwani, da sukari da mai da zuma da ɗan gishiri sai wasu 'yan tarkace, na ce yo wanga ai ba zai gagare ni ba, ni da nake yin gullisuwa da tuwon madara tun ina gidanmu. Ashe da sauran aiki.

Na farko ba sai na daɗe a kanshi ba. Na zuba ots kofi 2, gyaɗa kofi 1, na tsiyaya zuma haka nan da sanyinta na juya na shimfiɗa a tire na ɗan dafa da hannu na ajiye. Da na zo yankawa wuƙa na taɓawa ya watse kamar dambu. Ƙarshenta a kindirmo muka riƙa barbaɗa shi muna sha da safe, kuma gaskiya ya yi daɗi a hakan, sai dai ba shi na nufa ba.

Na biyu ne ya ba ni haushi, don a nan na yi wayon da ya fi ƙarfina. Na ce tunda rashin danƙo ne matsalar bari in narka sukari, na ɗora kofi guda a wuta na barshi yana ta tafasa har ya yi ja, na juye kayan ciki, kafin in gama juyawa ya fara kama muciya, na samu dai na baza shi a tire. Ya kama kam, amma kamun da ya wuce misali. Wuƙa ta ƙi shiga, sai da taɓarya na farfasa shi, maigidan ya ɗauki guda ya kai baki ya mayar ya ce in ajiye mashi zai kai ma masu gini. Daga baya da nake karance-karance a kan abin na ga ashe kakan giranolan ma haka yake, wani likita a Amurka mai suna James Caleb Jackson ne ya fara yin shi a 1863, ya sa mashi suna granula, kuma saboda tauri sai an jiƙa shi a madara ya kwana kafin a iya ci. Kellogg ɗin nan na konfilas shi ya yi nashi daga baya ya kira shi granola. Wannan na yankawa kuwa na baya-bayan nan ne, Nature Valley a 1975 suka fito da nasu. To kun ga ni ma ta 1863 na biyo.

Wadda ta warware min matsalar ba ta taɓa ganin giranola ba a rayuwarta. Goggo ce, yayar babanmu da ke can wajen Ƙofar Marusa, ta yi shekaru tana kantun riɗi da alawa na saidawa kafin ƙafa ta hana ta. Na je gaishe ta ranar Juma'a na tafi mata da ɓallin dutsen nan a leda don ta yi dariya, ta juya shi ta shinshina ta ce "ke 'yar nan kin ƙona sukarin ne, ba ki ɗiga a ruwa ba?" Na ce Goggo wane ruwa kuma. Ta ce in sukari na wuta ki ajiye ruwan sanyi a kofi kusa da ke, ki riƙa ɗiga kaɗan, in ya narke ya bi ruwa bai yi ba, in ya dunƙule kika taɓa da yatsa kika ji shi da laushi kamar ƙaro ɗanye to sauke, in kuwa kika bari har ya zama yana karyewa ƙas to kin yi alawa. Wallahi abin da masu ma'aunin zafi ke faɗa kenan, dunƙulen mai laushi wajen digiri 115 ne, mai karyewar kuma wajen 150, ita da ido da yatsa ta san shi. Ta ƙara min da cewa a matse lemun tsami kaɗan a ciki yana hana sukarin komawa gari in ya huce. Sannan ta ce wai ina dalilin sayen hatsin gwangwani ga riɗi ga gyaɗa, na ce Goggo yaran zamani ne, ta taɓe baki.

Tun daga ranar na gane duk wahalar abin nan a wajen ɗaurin take, wato abin da zai riƙe kayan, sauran kuwa ra'ayi ne, abin da bakinki ke so shi za ki zuba. Kuma ma na bar sukari gaba ɗaya na koma dabino. Busasshen nan ɗan Agadas nake saye a 'Yar Kutungu, in fasa in cire ƙwallon, ku duba cikin da kyau don wani za ki tarar da ƙwaro da garinshi a ciki, in jiƙa a ruwan zafi kamar minti 20 zuwa 30 in tsane shi sosai in daka a turmi har ya zama kamar tuwo. Bilenda ta wahala da shi, turmi ya fi. Sai markaɗaɗɗiyar gyaɗa wadda ba a matse manta ba, kar ku yi kuskuren da na yi a na uku na karɓo tunkuza wajen mai ƙuli-ƙuli, ita an riga an tatse man, sai abin ya fito a bushe yana shaƙe mutum, shi ne wanda na ce mun ci don kar a yi asara.

Ga awon da na tsaya a kai yanzu, da kofin shayi madaidaici nake yi. Ots kofi 2, soyayyar gyaɗa da aka ɓarza kofi 1, riɗi rabin kofi, wannan su ne busassun. Dakakken dabino kofi 1, markaɗen gyaɗa rabin kofi, zuma babban cokali 4 ko 5, gishiri ɗan yatsa biyu. In kun lura kusan duk kofi 2 na busasshe yana son kofi 1 na mai danƙo, in kin riƙe wannan ko mi kika canza ba za ki ɓata ba. Gishirin nan kar a raina shi, ranar da na manta shi zaƙin ya fito salam kamar ba a gama ba.

Ots ɗin nakan soya shi a busasshen kasko da wuta kaɗan kamar minti 8 zuwa 10 ina juyawa ba tsayawa har ya fara ƙamshi ya ɗan sauya kala, in ba a soya ba yana da wani gafi a baki kamar kina tauna takarda. Riɗi kuma sai an rege shi don tsakuwa, a wanke a shanya ya bushe, sannan a soya shi shi kaɗai har ya fara tsalle yana ƙara, kar a haɗa shi da ots don ya fi saurin ƙonewa kuma ƙonannen riɗi ɗaci gare shi. Gyaɗa a tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yanƙwane ko take warin fumfuna, guda ɗaya ta isa ta ɓata baki kuma ba ta da kyau ga hanta. Zumar da markaɗen gyaɗa da dabinon in haɗa su a tukunya su yi zafi su fara ɓulɓulowa minti ɗaya ko biyu, in sauke in juye busassun in juya da sauri tun da zafinshi.

Sai dannawa, kuma nan ne na biyu a muhimmanci bayan ɗauri. Dafawa da tafin hannu ba ta isa. Ina shafa mai a tire, in juye, in ɗora leda mai kauri da na shafa ma mai a sama, in ɗauko ƙasan kofin silba in bi shi lungu-lungu da ƙarfina duka har sai na ga ya daina motsi, musamman gefe-gefen don nan ke fara zubewa. Kaurin kamar yatsa guda. Sai a barshi, kuma a nan haƙuri ke ƙare min, don yara na tsaye a kai. In akwai wuta awa 2 a firij ya isa, in babu wanda shi ya fi yawa a unguwarmu, ina yi da dare in rufe da tire in ɗora turmin ƙarfe a kai ya kwana, da sanyin nan da ake da safe ya kama tsaf. Yana ba ni guda 12 zuwa 14. Wadda ke son mai ƙaras-ƙaras irin na kwali ta gasa shi a oben digiri 160 kamar minti 20 zuwa 25, ni sau ɗaya na gwada a tukunyar yashi yadda muke gasa kek, ya yi, amma ki yanka shi da ɗuminshi kar ki bari ya huce.

Yanzu maganar ɗanɗano, wanda shi ne ya sa ban gaji da abin ba har yau. Gidanmu baki uku ne. Maigidan mutumin dakuwa ne, in abu ba yaji cewa yake na yara ne, to nashi ina zuba garin citta ƙaramin cokali 1, kanumfari kaɗan, masoro da ɗan barkono a bakin cokali, wallahi da shayi da safe ba a magana, har ya fara tafiya da shi kasuwa a aljihu bayan shi ne mai cewa a kai ma magina. Yara su kwakwa suke so, amma ku kiyaye, na huɗu na goga ɗanyar kwakwa na zuba haka nan, daɗi kam ya yi amma a kwana na uku ya fara wari, dole sai an soya ta ta bushe. Ni kuma nawa garin goruba nake sa ma, babban cokali 2, yana ba shi wani ƙamshi kamar biskit mai citta kuma yana rage kaifin zaƙin. Wannan ban ga kowa ya yi ba, ni dai na ga garin a kicin ne na ce bari in gani.

Aya na gwada, busassa, na zuba ta guda-guda, kar ku yi. Sai dai a soya a daka ta yi ɓarzo-ɓarzo sannan. Zabibi na bar shi don tsada kuma dabino ya riga ya yi aikinshi.

Abin da har yanzu nake fama da shi shi ne rage ots, don shi ke cin kuɗin, gwangwanin Quaker sau biyu uku ya ƙare. Na ce ga gero a gida tiya-tiya mi zai hana, na soya na ɓarza na zuba, ya fito kamar an zuba tsakuwa. Dalili kuwa shi ots ɗin da muke saye an riga an turara shi an latse shi ya yi fale-fale tun a kamfani, shi ya sa yake taunuwa ko ba a dafa ba, gero kuwa ɗanye ne da ƙarfinshi. Abin da ya yi min aiki shi ne gugguru, wanda ba a sa ma sukari ba, in murmushe shi da hannu in cire waɗanda ba su fashe ba, in sa kofi 1 nashi kofi 1 na ots. Ya fi sauƙi a baki ma, illarshi ɗaya yana saurin yin sanyi, kwana biyu ya daina ƙaras.

Zuma ma haka, samun ta gaskiya aiki ne, na taɓa sayen wata a hanya a kwalbar lemo ashe rabinta narkakken sukari ne. A na shida sai na sa mazarƙwaila a madadinta, na farfasa na narka da ruwa cokali 3 na tace don ƙasa-ƙasan da ke ciki, na mayar wuta na yi gwajin Goggo na ɗigawa a ruwa, kuma ni a bakina ta fi zumar dacewa da gyaɗa da riɗi, tana da wannan ƙamshin rake. Ita zuma kuma tana jan danshi daga iska, yanzu da hunturu ba a gane wa, amma ina zargin in damina ta zo zai riƙa naso yana manne ma leda, za mu gani. Masu goyo ku tuna ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, kuma gutsuren gyaɗa na iya shaƙe ƙaramin yaro, autana ban ba shi. Haka masu ciwon suga, kar a ce ai dabino ne ba sukari, zaƙi zaƙi ne, Baba da ya gani ya miƙo hannu rabin guda na gutsura mashi yana ta min faɗa.

Ajiya kuma ina naɗe kowane a ledarshi in zuba a roba mai murfi, na dabino da mazarƙwaila ya kai min kwana 6 lafiya lau, bai taɓa wuce haka ba don ba ya kai wa. Yara na tafiya da ɗaiɗai makaranta, kuɗin tara ya ragu, sai dai babbar ta dawo tana ce min ƙawayenta sun ce nawa nake saidawa, na ce ta ce masu tukuna.

Na aika ma Goggo na bakwai jiya, mai goruba da mai yaji. Yaron da na aika ya dawo ya ce ta ci mai yajin duka, ta ce a faɗa min riɗin ya yi kaɗan kuma ban danna gefen da kyau ba. Sati mai zuwa zan ƙara riɗin ya koma kofi guda in rage gyaɗa, kuma ina so in gwada turara geron in shanya shi sannan in soya, ko zai yi laushi ya maye gurbin ots ɗin kafin azumi, don ina hango shi a sahur da kunun gyaɗa. In akwai wadda ta taɓa sarrafa gero haka don Allah ta faɗa min minti nawa take turarawa.