Sandar ƙanƙarata ta lanƙwashe ba tare da ta karye ba

'Yan uwa masu gwajin lanƙwasa ƙanƙara, yau da safe na buɗe firiza a nan Samaru na tarar sandar ƙanƙarar da na gitta a kan katako biyu, na kuma rataya mata nauyi, ta lanƙwashe a tsakiya, babu tsaga ko ɗaya a jikinta, kuma ba zan ɓoye muku farin cikina ba.

Abin da ya daɗe yana ba ni wahala shi ne bambance lanƙwasa ta gaskiya da narkewa. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, wurin da sandar ta hau katako yakan ɗan narke, sai ta nutse, wuta ta dawo ta sake daskarewa, mutum ya auna ya ɗauka ya yi nasara alhali sandar a miƙe take sambal. Saboda haka na daina aunawa daga gindin firiza, na koma ɗora rula ta ƙarfe a bayan sandar ina duba ratar da ke tsakiya. Sai kuma batun sanyi: a digiri 18 ƙasa da sifili ƙanƙara tana motsi a hankali ƙwarai, don haka na rage ƙarfin firizar zuwa kusan digiri 5 ƙasa da sifili, wanda ya sa ɗauke wuta na ɗan lokaci ma ya zama barazana. Janareta ne ya cece ni, amma kuɗin fetur ɗin da ya sha ya yi mini ciwo, har uwargida ta tambaye ni ko sana'ar ƙanƙara zan buɗe.

Ƙanƙarar buhu ta Sabon Gari, mai fari a ciki da kumfar iska, karyewa take yi. Wadda na daskarar a cikin kula mara murfi, mai haske garau, ita ce ta jure.

Da na ninka nauyin da ke rataye, saurin lanƙwasar ya wuce ninki biyu nesa ba kusa ba, kuma hakan ya dace da abin da masanin kimiyya John Glen ya wallafa a 1955, cewa ninka matsi sau biyu yana ƙara saurin kusan sau takwas. Ƙwayoyin ƙanƙara suna zamewa ne hawa-hawa kamar tarin karta da aka tura daga gefe, kuma da haka ne kogunan ƙanƙara na tsibirin Girinland suke malala zuwa teku, yayin da samansu, inda nauyi bai danne ba, yake tsattsagewa.

Sanda ta gaba zan yi ta siririya, in kuma nannaɗe ta da leda, domin iskar firiza tana cinye gefunanta.