Inda Aka Kwana a Gyaran Ƙaramar Manhajata Bayan Komawa QGIS 3

'Yan uwa masu koyon zana taswira da kwamfuta, ga bayanin inda na kai a gyaran ƙaramar manhajar da na rubuta da harshen Python domin ta yi aiki a cikin QGIS, babbar manhajar zana taswira, tun ina amfani da QGIS 2.18, amma ta daina aiki da na koma QGIS 3. Aikinta shi ne ta karanta fayil ɗin CSV mai ɗauke da wuraren rijiyoyin burtsatse da aka ɗauko da GPS a wasu unguwannin Kano, ta juya ma'auninsu daga EPSG:4326, tsarin digiri na GPS, zuwa EPSG:32632, tsarin mita na yankin Kano, domin a yi lissafi da mita, ta zana da'irar mita 500 kewaye da kowace rijiya, sannan ta kasa gidaje rukuni-rukuni gwargwadon nisansu da ruwa.

Dalilin tsayawarta sananne ne. Da QGIS 3.0 ta fito a watan Fabrairun 2018, an bar Python 2 an koma Python 3, an kuma bar Qt4 an koma Qt5, saboda haka harshen da kayan da ake gina tagogi da su duk sun sauya a lokaci guda. Da farko ma manhajar ba ta bayyana ba, domin foldar da ake ajiye irinta ta tashi daga .qgis2 ta koma cikin foldar profiles ta QGIS3, kuma sai an rubuta qgisMinimumVersion=3.0 a cikin metadata.txt kafin a karɓe ta.

Kurakuran da suka biyo baya masu sauƙi ne, tun da kowanne yana fitowa da saƙo mai nuna layin da ya tuntsure. Na mayar da PyQt4 zuwa qgis.PyQt, na ɗauko QAction da QMessageBox daga QtWidgets maimakon QtGui, na sa QgsProject a gurbin QgsMapLayerRegistry da aka cire, na kuma canza fromPoint zuwa fromPointXY. QgsCoordinateTransform kuwa yanzu tana neman a ƙara mata QgsProject.instance() a matsayi na uku. Wanda ya ɗan ja lokaci shi ne processing.runalg, umarnin da ke kiran kayan aikin QGIS, wanda ya zama processing.run, kuma ya daina karɓar bayanai a jere, sai an ambaci kowanne da sunansa, kamar INPUT da DISTANCE da OUTPUT, yayin da native:buffer ya maye gurbin qgis:fixeddistancebuffer wajen zana da'irar. A ganina wannan sauyi ci gaba ne, domin wanda ya buɗe rubutun bayan shekara guda zai gane abin da kowace lamba take nufi.

Bayan duk wannan manhajar ta yi aiki daga farko har ƙarshe ba tare da saƙon kuskure ko ɗaya ba, kuma nan ne aikin gaske ya fara, domin da na ɗora sabon sakamako a kan tsohon da na ajiye, ba su yi daidai ba. Rukunan nisa da ya kamata su tsaya a 100 da 200 da 300 sun warwatse, kusan kowane gida ya zama rukunin kansa. Tushen matsalar layi ɗaya ne, inda ake raba nisa da 100 a kuma ninka da 100. A Python 2, idan aka raba cikakkiyar lamba da wata, ragowar zubar da ita ake yi, shi ya sa 370 take zama 300. A Python 3 kuwa rabon yana ba da 3.7, ninkin kuma ya mayar da ita 370. Maganin shi ne a yi amfani da // a duk inda ake son tsohuwar ɗabi'ar, kuma ina ba ku shawara ku bi kowace alamar rabo a rubutunku ɗaya bayan ɗaya, domin kwamfuta ba za ta nuna muku ita ba.

Matsala ta biyu ta shafe mu kai tsaye, mu masu rubuta sunayen wurare da haruffa masu lanƙwasa. A teburin sakamako, Ƙofar Mata ta fito a matsayin Æ˜ofar Mata, haka ma duk sunan da ke da ɗ ko ɓ ya lalace. Python 3 a kan Windows, idan ba a faɗa masa tsarin haruffan fayil ba, yana ɗaukar na kwamfutar, wanda a tawa cp1252 ne, alhali fayil ɗin da UTF-8 aka adana shi. Da na ƙara encoding='utf-8' sunayen sun gyaru, amma sai sunan shafin farko (column) na teburin ya ƙi samuwa, saboda Excel yana liƙa wata ɓoyayyar alama a farkon fayil idan an adana shi da zaɓin CSV UTF-8. Rubuta utf-8-sig ya kawar da ita. Na kuma daina fitar da sakamako a tsarin fayil ɗin taswira na Shapefile, wanda yake datse sunan shafi idan ya wuce haruffa 10, na koma GeoPackage, wanda da UTF-8 yake adana rubutu.

Yanzu rijiyoyi da da'irori da rukunan nisa duk sun dace da tsohon sakamako. Abin da ya rage shi ne sandar da ke nuna ci gaban aiki, wadda a kwamfutar da ke da Python 3.10 ko sama take ƙin karɓar lamba mai ɗigo a setValue, don haka zan naɗe lissafin da int domin ya zama cikakkiyar lamba, sannan in gwada manhajar da fayil mai guraben da ba a cike ba, tun da QPyNullVariant da nake tantance su da shi babu shi a PyQt5.